Tsarabar da Ba Ta Jira

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta cin abinci yana kallonta. In tana so in miƙo mata ludayi sai ta ce, "Wani shi miƙo ludayin can," ko da daga ni sai kaji a tsakar gidan. In maganar mai tsawo ce, Kaka take faɗa wa, wato mahaifiyar Baba, ina tsaye ina ji, sannan Kaka ta juyo ta maimaita mini kamar daga wani gari saƙon ya zo. "Waccan" shi ne sunana a bakinta. Ban taɓa jin haushi ba, haka na tashi na gani. Ni ma ba mai yawan magana ba ce, sai ya zama tsakanina da Inna kallo ne ta gefen ido.

Gidanmu yana wani ƙauye bayan Shagari, ta hanyar Kajiji, inda Baba yake kiwon shanu. Da na shiga sakandare aka kawo ni Bodinga wurin Goggo, yayar Baba. Duk ranar kasuwa Inna tana ba wani direba ɗan bokiti mai murfi cike da kindirmo, kuma saƙon kullum ɗaya ne: "A ba mutanen gida." Amma in an buɗe za a ga curin man shanu biyu suna yawo a sama, babba da ƙarami. Goggo takan tsame ƙaramin ta miƙo mini ta ce, "Amshi, naki na. Uwarki dai ba ta hwaɗi ba."

Akwai abin da na taɓa gani ina ƙarama wanda bai bar ni ba. Wata bazara Baba ya dawo daga Shagari da ƙanƙara a leda. Inna ta fasa ta da bayan wuƙa, ta ba Kaka, ta ba mu yara, ta jefa sauran a ruwan Baba. Ba ta rage wa kanta ko tsinke ba. Da ta ga hankalin kowa ya koma kan tsotso, sai ta ɗauki ledar, wadda ba komai a ciki sai raɓa, ta ɗora a bayan wuyanta, ta lumshe ido. Ina bayan turmi ina kallo. Tun ranar na san Inna tana son abu mai sanyi, kuma na san ba za ta taɓa faɗa ba.

'Yar Goggo, wadda nake kira Yaya, ta gama sakandare tana yin kek da cincin na biki. Taubashiyata ce, don haka ba ta raga mini. Bebiya take kirana. Ana gab da hutu, zafin bazara ya kai inda ko ƙadangare ba ya hawa katanga da rana, ta kira ni ta nuna mini wayarta. Hannuwan wata mata ne kawai ake gani, tana haɗa wani kek. Ƙasansa baƙi, samansa kore-kore, da ɗigon cakulan a ciki. Ba ta kunna wuta ba ko sau ɗaya. Da ta gama ta tura shi cikin firiza.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Ba murhu, ba gawayi, ba zuhwa. Kek na cuku da na'ana'a, sanyi ka dahwa shi."

Na tambaye ta a hankali ko irin busasshen cukun nan na Buzaye ake sawa. Ta yi dariya har wayar ta kusa faɗuwa.

"Ke 'yar ruga! Wani cuku na mai taushi, sai manyan kantunan Sakkwato. Amma an ce in anka tace kindirmo cikin ƙyalle har ruwan ya tsiyaye, shi ma shina yi."

Kindirmo. Nan take Inna ta faɗo mini a rai. Nonon shanunmu, wanda Inna ta kwantar da hannunta, ya koma mata da sanyi irin wanda ba ta taɓa ci ba. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin ta fito.

"Yaya, in mun yi, ana iya kai shi gida?"

Ta dube ni. Ta san Inna nake nufi, kuma ranar ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "In kina da kula da ƙanƙara da baki, ana iyawa."

Ƙanƙara ba matsala ba ce, don sana'ar Goggo ke nan. Tana da babbar firiza mai aiki da sola, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Kula ma akwai, wata tsohuwa ja mai tsage a gindi. Bakin ne ban gane ba sai daga baya.

Da kindirmon ranar kasuwa ya iso, Yaya ta ɗauko sabon farin ƙyalle, muka juye a ciki, muka ƙulle bakinsa, muka rataye a ƙusa kusa da randa inda ya fi sanyi, da kwano a ƙasa. Ruwan ya fara zuba da gudu, sannan ya koma ɗiga. Launinsa ba fari ba ne, ruwan ɗorawa ne mai haske. Duk na wuce sai na taɓa ƙullin da yatsa, ina jin yana ƙara tauri kamar nonon saniya kafin tatsa. Goggo ta ce ba a zubar da albarka a gidanta, ta kwashe ruwan ta dama kunu da shi.

Na'ana'a kuma wurin masu lambu na fadamar Danchadi muka sayo, waɗanda suke baza kaya a bakin kasuwa. Mai ita ya yayyafa mata ruwa, tana ta ƙamshi har cikin hijabina. Muka sayo biskit kuma, baƙi mai farin kirim a tsakiya. Na ɗauko turmi zan daka, Goggo ta daka mini tsawa daga ɗaki.

"Turmin yaji na! Kek mai daddawa za ku kai ma mutane?"

Sai muka zuba a leda, na riƙa murza kwalba a kai har ya zama gari mai ɗan tsakuwa, kamar ƙasar bakin rijiya bayan ruwan sama. Muka ware kaɗan muka kakkarya da hannu. Da aka zo maganar man shanu, Goggo ta fito da kwalbarta ta soyayye, tana alfahari. Yaya ta buɗe ta shinshina ta mayar.

"Da albasa kinka soya shi."

"To da mi aka soya man shanu in ba albasa ba?"

Ƙaramin curin nan nawa muka wanke da ruwan sanyi, na sa a kofi na ɗora a kan katanga. Kafin in wanke na'ana'a rana ta narkar da shi. Na zuba a garin biskit na cuɗa. Yaya ta shimfiɗa leda a cikin kwanon silba mai murfi, na juye, na riƙa dannawa da gindin kofi har ya kwanta sumul kamar daɓe. Aka tura shi firiza ya ɗan kama.

Na'ana'ar na murje a ƙyalle na matse, ta ba da ruwa kaɗan mai duhu. Yaya ta zuba garin kirim da ruwan ƙanƙara a roba ta ce a buga har ya tashi. Injinta ya lalace, cokali mai yatsu kuma ya gajiyar da ita. Na shiga madafa na ɗauko maburgi, na sa shi tsakanin tafukana kamar yadda Inna take burga nono. Ya ɗauki lokaci, amma ya tashi fari tas, har in ka ɗaga maburgin sai ya bar tsini a tsaye. Muka kwance ƙullin kindirmo. Ya dunƙule, zanen saƙar ƙyallen ya fito a jikinsa. Muka murje shi da madarar gwangwani mai kauri, muka zuba ruwan na'ana'a, sannan kirim ɗin, a hankali, Yaya tana juya cokali daga ƙasa zuwa sama don kada iskar ta fita. Na kankare cakulan da wuƙa ya zuba a ciki, da karyayyen biskit.

Bai yi kore irin na waya ba. Launinsa ya fi kama da garin kuka da aka barbaɗa a nono. Yaya ta ɗauko kwalbar kala, na riƙe mata hannu na girgiza kai. Inna ba ta yarda da abin da launinsa ya fi na ganye ba, ko alewar yara mai kala sai ta juya ta tana kallo.

"Bebiya ta yi magana da hannu," in ji Yaya, ta mayar da kwalbar.

Muka juye haɗin a kan biskit ɗin da ke cikin kwanon silba. Goggo ta yi ta mita a kan wurin da kwanon ya cinye a firiza, ta matsar da ledojin zoɓo, amma a can ƙasa ta sa shi inda ya fi sanyi. Ya kwana a ciki. Da safe ya yi tauri kamar dutse. Yaya ta tsoma wuƙa a ruwan zafi ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta bar su a jere a cikin kwanon. Ɗan abin da ya rage jiya mun zuba a kofi, shi muka ɗanɗana. Da farko sanyi kawai na ji. Sannan zaƙi, sannan ɗan tsamin kindirmo, can daga baya na'ana'a ta buɗe mini hanci kamar an buɗe taga. Goggo ta lashe cokali ta ce, "Ba laihi," ta sake miƙo cokalin.

Ranar aka ba mu hutu. Muka sa kwanon a kula, Goggo ta kewaye shi da ƙanƙara, ta naɗe kular da tsohon bargo. A bakin ƙofa Yaya ta riƙe ni.

"Ji nan. Abin ga ba shi jira. Da kin isa ki buɗe baki ki ce a ci yanzu. In kinka yi shirun nan naki, kunu za ki kai ma uwarki."

Na gyaɗa kai.

"Ba kai ba, baki!"

A tasha motar ta daɗe ba ta cika ba. Yaron mota ya so ya sa kular a but, na rungume ta, ya ƙyale ni. Har Shagari tana kan cinyata, sanyi yana ratsa bargon yana shiga siket ɗina, ina jin daɗinsa don alama ce abin yana nan da ransa. Daga Shagari na hau babur. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙanƙara ta yi ƙara a ciki, tun tana ƙwal-ƙwal har ta fara cakal-cakal.

Na isa rana tana tsaka. Kaka tana ƙarƙashin rumfa tana tsinkar zogale, Inna tana bakin turmi ta ba ƙofa baya. Na yi sallama. Ba ta juyo ba, amma taɓaryar ta tsaya a sama kaɗan kafin ta sauka.

"An iso?" ta tambayi turmin.

Na durƙusa gaban Kaka. Gaisuwar Kaka ba a yanke ta. Ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi Goggo da mijinta da ciwon ƙafarta, da Yaya da ko ta sami miji, da malamanmu waɗanda ba ta taɓa gani ba, da zafin Bodinga ko ya kai na nan. Ina amsa "lahiya lau" ina jin kular a bayana. Kafin ta gama matan maƙwabta sun ji ƙarar babur sun shigo, aka sake sabon lale. Da na sami 'yar kafa na tura kular wajen ƙofar Inna, na ce wa Kaka, "Tsaraba ta." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Na manta da abu ɗaya, ko in ce na san shi amma ban haɗa shi da kek ba. A wurinmu ba a buɗe tsaraba a gaban wanda ya kawo, balle a gaban baƙi. Wannan zalama ce. Ajiyewa ake yi kamar ba a gani ba, sai maigida ya dawo a nuna masa, sannan a raba. Baba kuwa yana daji da shanu, sai magariba. Kuma tsarabar daga hannun 'yar fari ta fito. Inna ta goge hannu a zani, ta ɗauki kular ba tare da ta dube ta ba, ta shiga ɗaki. Ta labule na hango ta tura ta ƙarƙashin gado. Ɗakin Inna rufin kwano ne. Da rana in ka shiga kamar ka leƙa tukunya.

Baƙi suka watse. Aka yi sallar azahar. Inna ta dama fura ta ajiye a tsakiyar tabarma ta ce, "Wanda yat taho tahiya shi sha." Na sha, ban ji ɗanɗanonta ba. Na zaɓi wurin zama daidai inda nake hango ƙasan gadon. Can sai na ga wani siririn layin ruwa ya fito daga gindin kular, ta wurin tsagen nan, yana bin daɓe a hankali yana neman ƙofa. Wata kaza ta leƙa ta sa baki ta ɗaga kai sama.

Na tashi na je bakin ƙofar. Inna tana ciki tana ninke kaya. Na ce, "Inna." Ta ce wa kayan, "A huta tukuna, rana ta yi." Na haɗa maganar tun daga Bodinga, amma yaya zan ce wa Inna ta buɗe tsarabata ta ci? Kamar in ce ta dube ni ne. Na koma na zauna. Layin ruwan ya kai dokin ƙofa.

Kaka tana ta tsinkar zogalenta kamar ba ta san ana yi ba. Can ta jefe ni da tsinke.

"Ke ƙawata, mi kinka aje ƙarƙashin gadon can da kike kallo kamar kaza ta ga shaho? Miji na kinka ɓoye muna?"

Da Kaka ina iya magana, don tsakanin jika da kaka ba kunya. Na matsa kusa da kunnenta na raɗa mata, "Kaka, abin narkewa shikai."

"Mi?"

"Narkewa shikai."

"Ɗaga murya, kunnen ga ya tsuhwa."

Alhali Kaka takan ji kukan ɗan maraƙinmu daga bakin fadama ta faɗi ko na wace saniya ne. Na dube ta. Ta kafa hannu a bayan kunne tana jira, fuskarta ba alamar wasa. Na ƙara murya kaɗan. Ta girgiza kai. Na dubi layin ruwan, na tuna kunun da Yaya ta ce. Sai na ji murya ta fito daga bakina wadda ko a aji ban taɓa yin irinta ba.

"Kek na na ƙanƙara! Da kindirmon Inna na yi shi, da hannuna! In ba a ci yanzu ba narkewa za shi yi!"

Kaji suka watse. A ɗaki motsin kaya ya tsaya cak. Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa, na ja hijabi na rufe fuska.

"To, haka aka magana," in ji Kaka. Ta juya wajen ɗakin. "Kin jiya. Ɗauko shi, ni na ce. In maigidan ya dawo shi yi shari'a da ni."

Inna ta fito da kular ta ajiye gaban Kaka, ta koma bakin turmi ta juya baya, duk da ba komai a turmin. Na kwance bargon. Ƙanƙarar ta zama ruwa, saura 'yan ƙanana suna iyo. Na ɗaga murfin kwanon ina addu'a a zuci. Gefe-gefen ya saki, ya yi laushi ya fara kwanciya, layukan wuƙar Yaya sun soma haɗewa. Amma tsakiyar tana nan tsaye, har da farin raɓa a kanta. Ƙamshin na'ana'a ya tashi a tsakar gidan. Na ga kan Inna ya ɗan motsa.

Kaka ta sa cokali ta kai baki. Ta runtse ido, ta dafe kunci.

"Wayyo haƙorana!"

"Kaka, wane haƙori?"

"Wanda kakanki ya biya sadaki dominai, marar kunya." Ta sake ɗiba. "Wanga nonon Ja-gindi na, na san shi." Wata saniyarmu ce mai jan baya. "Sun sa mata ganyen shayi sun kai ta birni ta yi boko."

Ƙannena suka dawo daga makarantar allo da allunansu a hannu, suka kewaye mu. Kaka ta ba kowa daga gefen da ya yi laushi, suna ci suna tsalle saboda sanyi. Ta ɗebi wani a kofi ta ce na Baba ne, in ya narke ya sha da ludayi, ai shi ya zaɓi shanu a kan gida. Tsakiyar nan mai tauri ba ta taɓa ba. Ta mayar da murfi, ta sa kwanon cikin sauran ruwan sanyin, ta ce wa iska, irin yadda Inna take yi, "Wanga a maida ɗaki." Sannan ta kori yaran waje, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Tashi ki raka ni in gaida matar Malam, ƙahwarta ta kumbura."

Ban so tafiya ba. Tun daga Bodinga fuskar Inna nake son gani, ko za ta lumshe ido irin na ranar ledar. Na yi kamar ina neman takalmi. Kaka ta mintsine ni a damtse ta ja ni. Sai da muka fita zaure ta yi magana, kuma a hankali ƙwarai, irin muryar da kurma ba ya yi.

"Uwarki ba ta ci gabana, ni surukarta. Ba ta ci gabanki, ke ta hwari. In kina so ta ci, ba ta bayanki."

Mun daɗe a gidan Malam. Kaka ta bi tarihin kumburin ƙafar tun daga damina, ta ba da magani iri-iri, ta karɓi goro. Da na motsa sai ta take mini yatsa.

Da muka dawo inuwa ta miƙe. Kwanon silba yana kife a kan danki an wanke shi, kular ma an ɗauraye an jingine ta tana tsanewa. Inna tana shara. Fuskarta kamar kullum. Sai zuciyata ta fara raya mini ko yaran ta kira ta ba su, kamar yadda ta yi da ƙanƙarar Baba. Na dubi bakunansu, duk sun yi baƙi da biskit tun ɗazu, ba yadda zan gane. Na zauna a bakin rumfa ina wasa da tsinken zogale.

Sharar ta iso inda nake. Na ɗaga ƙafa. Inna ta sunkuya kamar za ta kwashe shara, sai ta sa yatsu biyu ta cire wani ɗan kara da ya maƙale a hijabina, ta yar. A daidai lokacin numfashinta ya taɓa fuskata. Na'ana'a ce. Kuma a gefen leɓenta na ƙasa akwai ɗigon baƙin biskit, ƙarami kamar ƙwayar riɗi. Na sunkuyar da kai da sauri don kada ta san na gani.

Ta miƙe ta ci gaba da shara har ta kai gaban Kaka, ta tsaya, tana kallon tsintsiyar.

"A hwaɗa ma waccan, nonon ya ɗan yi tsami, ya sha hanya kahin a tace shi. In za a sake, a bari in tace na sahe da kaina."

"Ta jiya," in ji Kaka. "Ni ce kurma gidan ga, ba ita ba."

Baba ya dawo da magariba ya sha nasa da ludayi, ya ce furar Bodinga ta fi tamu zaƙi amma ba ta da gero. Ba wanda ya sake ta da maganar har hutu ya ƙare.

Ranar kasuwar farko bayan na koma makaranta, na dawo na tarar Goggo da Yaya sun tsaya a kan saƙon direba. Bokitin kindirmo yana nan kamar kullum da curinsa biyu. A gefensa akwai wani ƙaramin kwano, a ciki an ƙulle wani abu mai nauyi a farin kallabi mai ɗigon shuɗi a baki. Na san kallabin, na Inna ne na zuwa suna. Na taɓa ƙullin da yatsa. Ya yi tauri, ba ɗigon ruwa ko ɗaya.

"Mi direban ya ce?" na tambaya.

"Mi za shi ce? A ba mutanen gida," in ji Goggo, tana buɗe firiza tana matsar da zoɓo. "Mutanen gida kuma sun cinye mini wuri."

Yaya ta miƙo mini maburgi. "Tahi ki sawo na'ana'a kahin masu lambu su tashi, bebiya. Kuma wanga karon sabuwar kula za mu ara."

Na kwance kallabin a hankali don kada ya yage, na juye abin da ke ciki a roba. Na wanke shi, na shanya a inuwa, don in mayar mata da shi a naɗe a kan murfin kwanon.